Tafiyar Baba a Waya

Litinin, 6 ga Oktoba 2025
Mma ta sake tambaya ko Baba ya dawo daga kasuwa. Tun bara waccan muka binne shi. Tun da hawan jini ya buge ta abubuwa suke ta zubewa daga kanta. Na nuna mata hotonsa, ta ce wane ne wannan. Ni da nake haɗa wa rabin Zongo bidiyon biki, ba ni da bidiyon ubana ko guda.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Akwai manhajar AI da ake ba ta hoto, a haɗa mata da bidiyon wani yana motsi, sai ta ɗora motsin a kan mai hoton. Fuska ta ɓace wa Mma, amma ta sha cewa tun daga bakin lungu take gane tafiyarsa. In ta gane shi ko sau ɗaya ne, ya ishe ni. Ƙanwata Safina ta ce, "Yaya Zulkifli, laisse tomber, ƙyale kawai, ka bar mamaci ya huta."

Asabar, 11 ga Oktoba
Na hau zemijan, acaɓar nan garin, zuwa Agoè-Assiyéyé, wurin Baffa Usaini ƙanin Baba, a teburin namansa. Ya yi mini tafiya a gaban waya yana ƙunƙuni, sai ka ce rawa na ce ya yi.

Talata, 14 ga Oktoba
Fuskar Baba, rigar Baba. Mma ta ƙura ido ta ce, "Usaini ne. Ina za shi da hular yayansa?" Da gaskiyarta. Baffa saurin tafiya gare shi. Baba kuwa, shi ma mahauci, ɗaukar cinyar shanu ya sauke masa kafaɗar dama, kuma yana ɗan jan ƙafa. Injin bai san wannan ba, abin da ka ba shi shi yake mayar maka.

Jumma'a, 17 ga Oktoba
Na ɗauki kaina. Na karkata kafaɗa, na miƙa ƙullin goro yadda yake miƙa mata in ya dawo. Da kyamarar gaba na ɗauka, na manta tana mai da dama hagu. Mma ta ture wayar. "Malam bai taɓa miƙo mini abu da hagu ba. Wane marar tarbiyya ne wannan?" Ta yi kuka sosai. Ni na sa ta.

Laraba, 22 ga Oktoba
Na juya bidiyon, ya yi daidai. Ko kallo ba ta yi ba. Wallahi na gaji.

Lahadi, 26 ga Oktoba
Yau ta tambayi Safina ko ni baƙo ne.

Lahadi, 2 ga Nuwamba
Ban ƙara buɗe manhajar ba. Jiya na dawo daga ɗaukar biki a Adakpamé, jakar kyamara ta ja mini kafaɗa, ina jan ƙafa don gajiya. Tun ina bakin ƙofa Mma ta gyara ɗankwali.

"Malam, sannu da dawowa. Ina Zulkifli? Yaron nan ya daina zuwa gaishe ni."

Safina ta kalle ni. Na ce, "Yana nan tafe." Abincin da take ƙi tun safe, ta cinye shi tas.

Yau na tsaya na sayi goro. A kan hanyata mai goron take, ba wani abu ba. Da dama na miƙa wa Mma.