Ni Na Gano, Shi Ya Sha Yabo

Laraba da dare, unguwar Habbena

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau baƙi biyu suka zo labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, daga waje. Profesa, mai duba aikina, ya tsaya gabansu yana bayanin bakteriyar nan da ke rayuwa cikin ruwan asid na ramukan zinariya. "Na gano tana da ƙwayoyin gado iri biyu na kama kabon daga iska ta gina jikinta," in ji shi. Wai shi ya gano! Wata goma sha huɗu ina kan aikin nan. Ni asid ya huda wa riguna biyu, ni na sake gwaji sau uku da ya ce kuskure na yi. Yau kuma sai ya ce, "Hadiza, kawo wa baƙi shayi."

Na kawo. Macen cikinsu ta tambaye shi wanne daga cikin ƙwayoyin gadon biyu ke aiki idan kabon ya yi ƙaranci. Profesa ya yi tari, ya hau juya takardu. Da buta a hannuna na ba ta amsa. Ta dube ni ta ce, "Ke wace ce?" Kafin in buɗe baki ya ce, "Tana taimaka mana ne."

Na gaya wa Inna, ta ce in yi haƙuri, babba ne. Na yi, na yau kaɗai. Baƙuwar nan ta miƙa mini katinta a bakin ƙofa, kuma gobe da safe zan rubuta mata da cikakken sunana.