Jikana Ya Iso, Uwarsa Ta Ƙi Magana

Hajiya Binta, Sa'adatu ta sauka, namiji! Na zama kaka, murna har ta mantar da ni sallama. Assalamu alaikum, yayanki Isa ne. Ya Minna, ya Alhaji da yara?

Amma hankalina a tashe yake. Yaron ya ƙi kama nono, jikinsa sai rawa. A asibiti nan Dutsin-Ma malamar jinya ta ce, "Baba, me 'yarka take sha?" Ban sani ba. Ƙanwar mijinta ce ta faɗa mana: tunda mijin ya tafi ci-rani ya bar ta a Kurfi da surfe da ɗiban ruwa, wata maƙwabciya ke ba ta ƙwayar kashe gajiya, har ta kasa bari. Cikin fari ne, kunya ta hana ta kukan ciwon baya, mu ma kunya ta hana mu tambaya.

An ce sai ta faɗi irin ƙwayar a san yadda za a taimaki yaron. Ta rufe fuska, ta ƙi faɗa. Ke kika yaye ta, da ke kaɗai take sakin jiki. Don girman Allah ki taso, ana sa mu a addu'a. Ku zo duka ku ga jikana, hancina sak ya ɗauko.