Ashe Ruwa Ne a Bayan Inna

Yaya Salisu,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya zafin Agadas, ya Hajara da yara?

Jiya muka dawo daga Yamai da Inna, jikinmu duk ya mutu. Hoton Maraɗi bai nuna komai ba, sai da aka tura ta cikin injin IRM mai ɗaukar hoton cikin jiki. Lokotoro ya nuna mini wata 'yar jaka cike da ruwa a gindin jijiyar bayanta, ita ke kashe mata ƙafa.

Inna ta shafa tabon ƙaho a ƙugunta, ta ce, "Ashe ruwa ne? Kaico, jinin da na ba wanzami!"

Maganar aiki ba su yanke ba tukuna. Na gaji, Yaya. Gaida Hajara. Ku taya mu addu'a, ko Inna ta sake yin salla a tsaye.

Ƙanwarka,
Rabi