Rigunan Guguwa Cikin Kayan Gado

Sabon Gari, Gusau
Satumba, 1956

Zuwa ga Yaya Ma'u, a Tsafe.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Arzika da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, iyakar abin da na samo ke nan a ajin yaƙi da jahilci.

Da kika zo gaisuwa kin tambaye ni yadda abin ya faru, bakina ya kasa. Ina tankaɗe a tsakar gida bayan la'asar, sai ga Bala, kyaftin ɗin 'yan ƙwallon maigidana, ya ratso zaure har gabana babu sallama. Namiji baligi, Yaya, cikin gidan aure. Usur ɗin maigidan na hannunsa, igiyar tana lilo. Usur ɗin nan ko wanka zai shiga ba ya ba kowa.  Nan na gane. Daga baya suka ce yana bakin fili yana yi musu faɗa, ya dafe ƙirji ya zauna, shi ke nan.

Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in ɗauki tsintsiya, in ajiye. Ga takaba, ko zaure ba na leƙawa.

Ranar sadakar bakwai wansa, Malam Attahiru, ya kwashe kayan shagon ɗinki ya tafi da su Bungudu kamar yadda ake yi, ya ce rabon gado sai bayan arba'in. Keke, almakashi, sauran yadi, da wani akwatin kwano shuɗi. Cikin akwatin nan sababbin rigunan Guguwa suke, kulob ɗin da maigidan ya kafa da 'yan dakon tasha. Tun bara da kamfanin gyaɗa ya daina ba su ƙwallo da mota suke tangal-tangal. Tsofaffin rigunansu sun zama tsumma, biyu cikin yaran sun tafi haƙar kuza, ƙwallon ɗaya ce, duk faci. Maigidan ne ya yanko yadi ya ɗinka musu kore mai ratsin fari. Saura ta mai tsaron gida, bai sa mata hannun hagu ba.

Jiya Bala ya tsaya zaure, Iya mai gidan da muke haya tana kai magana tana kawowa. Sun riga sun rasa wasa ɗaya saboda makoki. Kwamitin gasa ya ce in ba su fito wasan Tsafe na ƙarshen Oktoba da riguna iri ɗaya ba, za a soke sunansu. Ba su da abin sayen ko ƙyalle. In aka yi rabo, wa ya san hannun da akwatin zai faɗa? Me mutanen Bungudu za su yi da rigar ƙwallo in ba shiga gona ba?

Sai abu na ƙarshe, kada ki gaya wa kowa. Iya ta dube ni ta ce ba ni kaɗai ba ce. Bayan shekarun nan duka da muka yi muna jira. Bai sani ba, Yaya.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Lantana.

*

Tsafe

Lantana ƙanwata,

Gaisuwa da ta'aziyya kuma. Allah ya jiƙan Rabi'u, ya sa ya huta. Na karanta takardarki na yi kuka, na kai ƙarshe na yi guɗa, har Malam Arzika ya leƙo ya ce ko aljanu ne. Ban gaya masa ba, na ce ya koma wurin motarsa.

Amma ke ma da abin mamaki kike. Mace mai takaba, mai juna biyu, ba ki tambayi keken da zai ciyar da ke ba, sai rigunan ƙattin tasha masu bin fata a rana! Da ransa kin sha yi mini ƙorafin ƙwallon nan, kin ce ta ƙwace miki miji. Yanzu ke kika gaje ta?

To tunda ranki na wurin, ga dabara. Ajiye kunya ki rubuta wa Malam Attahiru ki gaya masa abin da Iya ta gani. Mutum ne mai tauri, amma ɗan ƙanensa ne a cikin nan. Yana ji zuciyarsa za ta narke, ya aiko miki da akwati har da keken a kai. Na san maza, bar ni da su.

In yaran sun zo, zaurenmu ya ishe su, tuwo kuma ba ya gagara. Ki ci abinci, ki daina zagaye gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Taki, Ma'u.

*

Gusau

Zuwa ga Yaya Malam Attahiru, a Bungudu.

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Ina gaida Inna, Allah ya ƙara mata haƙuri, mu duka ya ba mu dangana.

Yaya, ka gafarce ni da na rubuto maka kai tsaye. Cikin kayan da aka kai wurinka akwai akwati shuɗi. Rigunan wasa ne na yaran da marigayi yake koya wa ƙwallo. Ba don kansa ya ɗinka ba, don su ne. In ba su sa su a Tsafe ba, abin da ya yi shekaru yana tarawa ya watse. Na sha ganin ya bar ɗinkin Sallah na mutane ya tafi ya roƙa musu motar da za ta kai su wasa. Ina roƙonka ka sa a ba Sule direba akwatin ya kawo.

Akwai kuma maganar da take yi mini nauyi. Marigayi ya bar baya, ina ɗauke da shi. Don darajar wannan da bai zo ba nake roƙo, ya taso ya tarar da abin ubansa a tsaye.

Allah ya ƙara girma.
Matar ƙanenka, Lantana.

*

Bungudu

Bismillahi. Daga Attahiru zuwa ga ƙanwarmu Lantana.

Aminci ya tabbata gare ki. Bayan haka, takardarki ta iso. Inna ta ji albishir, ta yi sujada, yau ne ta fara cin abinci sosai tun rasuwar Rabi'u. Allah ya raba lafiya.

Game da akwati. Na sa an kira Bala na tambaye shi gaban shaidu, wa ya sayi yadin? Yaron kirki ne, ya ce marigayi ne da kuɗinsa, kuma bai miƙa musu ba tukuna. Saboda haka riguna gado ne.

Ba zan ɓoye miki ba. Niyyata in an yi arba'in in roƙi magada a sa akwatin cikin rabonki, ki yi yadda kike so da shi, kuma da ya iso ki kafin wasansu. To amma yanzu na je wurin alƙali da maganarki, domin wajibi ne in je. Ya ce ba a raba gado da ciki a tsaye. Komai zai zauna a kulle sai kin sauka, a san mace ce ko namiji. In namiji ne, ni kaina ba ni da ko allura a ciki, sai amanar tsarewa. Dukiyar maraya ba a kyauta da ita, ba a ba da aronta. Ba a taɓa ta sai da abin da zai amfane shi.

Ki yi haƙuri. Ni ma ga nawa nauyin. Geron gonar marigayi ya nuna, tsuntsaye sun sauka a kai, kowa yana tasa gonar, ni kuma gwiwa ta hana ni.

Wassalam.

*

Gusau

Yaya Ma'u,

Gaisuwa a gurguje, Sule na jira a ƙofa da mota a kunne.

Kin san maza, ko? Dabararki ta kulle akwati da kwaɗo biyu. Da na yi shiru da bakina da rigunan sun zo da kansu. Na faɗa, alƙali ya ce sai na haihu. Ba laifinki nake gani ba, ni ma na zauna gaban malam ina yarinya, ya kamata in tuna. Amma na wuni ina kai da kawo tsakanin rijiya da ɗaki har Iya ta ce, "Ke wagga ɗiya, za ki haƙa mini kwari a tsakar gida."

Bala ya dawo. Na ji muryarsa daga zaure, ta dushe. Ya ce yaran sun fara cewa a sayar da ƙwallon a raba, kowa ya kama gabansa. Tukur mai tsaron gida ya ce shi ko tsirara zai tsaya a raga. Bala ya ce masa, "Kai da riga ma wa kake tsoratarwa?" Suka yi dariya, dariyar ta mutu nan take.

Na sake karanta takardar Yaya Malam. Ya ce ba a taɓa kayan maraya sai da abin da zai amfane shi. A ƙasa kuma ya ce geron marayan na tsaye tsuntsaye na ci. Yaya, ƙatti goma sha ɗaya ne, masu ɗaukar buhun gyaɗa a ka su hau da shi tsani. Ba aro ba, haya. Su yanke gero, ladan aikinsu ya zama hayar riguna. Na sa Iya ta gaya wa Bala, ta ce bai bari ta ƙarasa ba ya fita da gudu. Na rubuta Bungudu. Wannan karon ban nemi shawarar kowa ba.

Lantana.

*

Bungudu

Daga Attahiru zuwa ga Lantana, da aminci.

Bayan haka, na kai wa alƙali maganarki. Ya tambaya, wa ya koya miki? Na ce babu. Ya ce haya ta halatta, da sharaɗin kowace riga ta dawo, wadda ta yage a gyara.

Yaranki sun zo ranar Lahadi a bayan motar Sule. Gaskiya ba manoma ba ne. Ɗaya ya riƙe magirbi kamar mai yanka rago, wani ya tsere wa ƙadangare ya ce maciji ne, mutanen gari suka taru bakin gona suna dariya. Amma ƙarfi akwai shi. Da suka gane kan abin, kafin magariba sun kwantar da gonar, suka dawo Lahadi ta biyu suka ɗaure dammuna suka kai rumbu a guje, suna kiran sunan Rabi'u. Inna ta dama musu fura da hannunta. Ta ce ashe waɗannan ne 'ya'yan da yake faɗa.

Ban taɓa ganin amfanin wasan nan ba, na sha gaya wa marigayi. Har yanzu ban ce na gani ba. Amma geron maraya ya shiga rumbu.

Na miƙa wa Bala akwati gaban shaidu. Keke yana nan a kulle.

Wassalam.

*

Tsafe
Oktoba, 1956

Lantana,

Gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Na karɓi faɗan da kika yi mini, na haɗiye. Yanzu saurari labari.

Sun iso da hantsi a kan buhunan motar Malam Arzika, sun cinye mini tuwon da na yi niyyar ya kai gobe. A zaurenmu suka buɗe akwatin. Na leƙa ta zana. Kowa ya ɗauki tasa yana juyawa, Bala ya kai tasa hanci, ƙamshin man keken Rabi'u na jiki. Tukur ya sa baƙar tasa, hannu ɗaya dogo, ɗaya babu. Na aika a ce ya kawo in kama masa da allura. Ya ce a'a, yadda Malam ya bar ta haka zai sa.

Ni ban je fili ba, amma ihu ya same ni har madafa. Malam Arzika ya ce 'yan Tsafe na ganin Tukur suka ɗauki waƙa, "Hannu ɗaya, ina ɗan'uwanka?" Shi kuwa duk ƙwallon da ya kama sai ya ɗaga musu hannun da babu rigar. An ci su biyu kafin hutu. Suka rama ɗaya, Bala ne ya sa ta da ka, ya faɗi ya tashi da jini a goshi. Haka aka tashi, biyu da ɗaya. Malam Arzika ya rasa wa zai yi wa murna, garinsu ko baƙinsa.

Ba su ci ba, ƙanwata, amma mutumin kwamiti ya zo ya gan su tsaye cikin kore, sunansu na nan. Sai dai ya ce baɗi kowane kulob sai ya zo da ƙwallo sabuwa da kuɗin shiga. Wannan kuma Allah ya san inda za su samo.

Na wanke rigunan da kaina, na ninke, Sule zai mai da su Bungudu. Bala ya ba ni abu in aiko miki, yana cikin ƙullin nan.

Taki, Ma'u.

*

Gusau

Yaya Ma'u,

Gaisuwa da godiya. Saƙo ya iso. Na rataye usur ɗin a ƙusar da yake rataye hula.

Da Iya ta ji an ci su ta ce, "To duk wahalar ga ta mi ce?"  Na dai zauna, Yaya. Rabona da zama haka tun ranar tankaɗen nan. Ina zaune na ji ya motsa.

Yaya Malam ya aiko cewa dawar gonar ta kusa, in suna son riguna a wasa na gaba sun san hanya. Ƙwallon baɗi ban san ta inda za ta fito ba. Ki gaida Malam Arzika, ki ce Allah ya saka.

Akwati ya koma Bungudu, keke na kulle sai na sauka. Rigar Tukur har yanzu ba a sa mata hannun hagu ba.

Ƙanwarki, Lantana.