Kada Ku Toshe Bakin Fadama

'Ya'yana, ina cikin hankalina, ba zafin ciwo ke magana ba, kuma da hannuna nake rubutawa. In layi ya karkace ku yi haƙuri, kun san sai da furfura ta fito mini na koyi riƙe alƙalami.

1. Keken ɗinkina na 'yar'uwarku ne. Ita kaɗai ta san inda ake buga shi ya tashi.

2. Kwalekwalen babanku na Auta ne. Ka riƙa duba facin gefen hagu kafin ka shiga ruwa. Na sani, na faɗa sau dubu. Ka sake dubawa.

3. Filinmu na bakin fadama kada a sayar, kada a cike shi. Babba, da kai nake. Na san masu motocin yashi suna zuwa wurinka, na san iyali sun yi maka nauyi, ban kuma ga laifinka ba. Amma ta filin nan ruwan damina ke shiga babbar fadama. Tana shanyewa, ta riƙe, ta riƙa sako mana kaɗan-kaɗan har rani ya wuce. Shi ya sa rijiyar gidanmu ba ta taɓa ƙafewa ba. In ka toshe bakin, ruwan ba zai koma sama ba, ɗakunan mutane zai nema.

Shekarar da na shiga ajin manya, Auta ya kawo wani tsuntsu da ya maƙale a raga, da zobe a ƙafarsa. Na zauna ina haɗa baƙaƙen jikin zoben kuna yi mini dariya. Malamarmu ta ce daga bayan teku ya taso. Ranar na gane fadamar ba tamu kaɗai ba ce. Akwai waɗanda ba su san sunanmu ba, suna jiran tsuntsun ya koma. Muka sake shi.

4. Gabar da ke tsakaninku a kan filin ta ƙare kafin a ɗauke ni. Auta, kai ne ƙarami, kai za ka je wurin Babba. Ka raba kifi da yayanka, kifin ma a cikin ciyawar fadama yake yin ƙwai.

Na yi rayuwata cikin fargaba, amma wannan karon hankalina ya ɗan kwanta. Rannan ta taga na hango 'yarka, Babba, takwarata, tana korar masu zuba shara a bakin ruwa, ba wanda ya sa ta.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya shayar da jikokin da ba zan gani ba. Ku riƙe juna. In damina ta faɗi, ku je tare ku duba bakin fadama, ku tabbata a buɗe yake.

Mahaifiyarku.