Makunnin Baya na Hagu

Babura,
farkon watan Muharram.

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Halimatussa'adiyya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Shahida da yara suna gaishe ki.

Inna, maƙwabciyarki Fatu ta aiko mini da labarin abin da ya faru ranar da kika tafi suna. Ta ce kin bar tukunyar wake a kan murhun lantarki, aka dawo da wuta ba kya nan, tukunyar ta ƙone har hayaƙi ya turnuƙe gidan, sai da aka ɓalle ƙofar kicin aka kashe wutar daga bango. Allah ne ya kiyaye. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Daudu mai gyaran wuta da na turo ya ce wayoyi lafiya, kawunan murhun duka huɗu lafiya, a gabanki ya kunna ya kashe. Ke nan ba daga murhu ba ne. Ba rashin kunya nake yi ba, amma shekaru sun ja, kuma tun rasuwar Baba ke kaɗai ce a gidan.

Na yanke shawara ki dawo wurinmu. An gyara miki ɗaki, har fenti an yi. Mota za ta zo Juma'ar ƙarshen wata ta kwashe kayanki, a rufe gidan. Ina roƙon ki yi haƙuri ki amince.

Ɗanki mai biyayya,
Jamaluddeen.

*

Kazaure.

Zuwa ga Maikasuwa.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ta hannun direban motar hatsi, kuma da idona na karanta, ban nemi kowa ba. Ka gaishe da Shahida, ka shafa mini kan yara.

Kai ɗan fari ne, ko sunanka na yanka ba na kamawa, balle in zauna ina ja-in-ja da kai ido da ido. A takarda kuwa ba na jin nauyinka, don haka ka saurara.

Na kashe murhun nan. An ɗauke wuta wake yana tsakiyar dahuwa, na murɗa makunnin baya na hagu ya koma kan sifiri, na duba, sannan na yafa gyalena. Tun ranar da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya sauke murhun nan daga mota saboda hayaƙin itace yana neman cinye mini idanu, dokata ɗaya ce: in aka ɗauke wuta, a kashe kafin a ɗaga ƙafa. Duk matar da ta sayi irinsa a unguwar nan ni na koya mata haka. Yau ni za a koya wa?

Daudunka ya zo. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya tsikari wayoyi da ɗan sukudirebansa mai ƙwai, ya shanye mini kunun gyaɗa, ya ce lafiya lau. Yana faɗa yana kallona irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara sakin layi. Na sallame shi da mutunci saboda kai ka aiko shi.

Ka ce ka yanke shawara. Da wa ka yi ta? Ni da na koyar da lissafi har na yi ritaya, yau an mayar da ni buhun gero, a ɗora a mota a sauke a Babura. Ɗakin da kuka yi wa fenti ku zuba yara a ciki. Gidan nan aka kawo ni amarya, daga nan aka fita da mahaifinka, daga nan za a fita da ni. In motarka ta zo zan ba direba tuwo, a kan murhun nan zan tuƙa shi, ya ci ya koma yadda ya zo.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka.

*

Kazaure.

Ƙanwata Dela,

Ina gaisuwa. Yaya Roni, yaya ƙafar taki, yaya maigidan?

Na san labari ya zo miki, Fatu ba ta iya ajiye magana ko ta rabin yini. Na rubuta wa yaron nan takarda mai zafi, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ke zan gaya miki abin da ba zan gaya masa ba: tsoro nake ji, Dela.

Bayan tafiyar Daudu na ɗora ruwa a kan baya na hagu, ya tafasa, na kashe, ya mutu murus. Na sake, ya sake mutuwa. Sai na zauna a kujera 'yar tsugunno. In murhu lafiyarsa ƙalau, to wa ke nan ba lafiya?

Kin tuna yadda mahaifiyarmu Iya ta fara ruɗewa. Ba da wani babban abu ba, da gishiri ne, ta zuba ta sake zubawa, tana rantsuwa ba ta zuba ba. Ita ma da gaskiyarta take rantsuwar. Shi ne na kama gwada kaina kamar ɗaliba. Na jero sunayen jikoki, na karanta Tabaraka da ka, duk sun zo. Sai na tuna Iya ma har ta koma ga Allah Tabaraka ba ta kuɓuce mata ba.

Duk da haka ina ganin hannuna a kan makunnin nan, ina ganin sifirin. Ban yarda ba tukuna. Kada ki gaya wa kowa.

Yayarki,
Halima.

*

Roni.

Yaya,

Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, maigida yana gaishe ki.

Tun farko na ce miki ki rabu da wannan akwatin ƙarfen. Duwatsuna uku ba su taɓa kunna kansu ba, ko an ɗauke wuta ko an kawo.

Ba zan ɓoye miki ba, Jamalu ya zo nan kafin takardarki. Ke kina ganin iko yake nuna miki. Ya zauna a tabarmata da babbar rigarsa ya yi kuka kamar yaron goye. Kin manta shi ya fara shiga ranar da zanen Iya ya kama wuta a bakin murhu, shi ya yi ta kiran mutane? Ya ce ba zai iya gani sau biyu ba. Ya roƙe ni in biyo motar ranar Juma'a in lallashe ki, na kuwa amsa masa.

In kina da hujja, Yaya, ki nemo ta kafin mu zo. In babu, ki bar taurin kan nan ki ɗaure kayanki.

Taki,
Dela.

*

Kazaure.

Zuwa ga Maikasuwa.

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Akwai ƙullin leda tare da takardar nan, ka kwance shi kafin ka ci gaba da karatu.

Wannan baƙin abin shi ne makunnin baya na hagu. Juya bayansa. Ka ga ramin da ke tsakiya? Ka ga tsagar da ta ratsa gefensa?

Ga yadda aka yi. Na yi ta gwada murhun yana mutuwa, har na kusa yarda da ku. Shekaranjiya ina tuƙa tuwo, hannuna ɗaya da muciya, na miƙa ɗayan na kashe da kan yatsu, yadda nake yi in ina sauri. Alama ta hau sifiri, amma ban ji ɗan ƙas ɗin da yake yi ba. Na sauke tuwo, na ɗora ruwan sanyi, na ja kujera na zauna na zuba masa ido. Maikasuwa, ruwan nan ya tafasa, makunni yana kan sifiri. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har Fatu ta leƙo ta katanga, na ce ta zagayo ta gani da idonta tunda ita ce gidan rediyon unguwa.

Na kashe daga bango, na jira ya huce, na fizge makunnin. Ashe hula ce kawai. Ainihin abin da ke kunnawa da kashewa wani ɗan ƙarfe ne a ciki, gefensa ɗaya a shafe, ramin hular kuma an yi shi daidai da shi don ya kama. Da ramin ya tsage, sai hular ta riƙa juyawa ita kaɗai, ta nuna sifiri, ƙarfen yana can inda aka bar shi. In an danna da ƙarfi kafin a murɗa, sai ya kama. Haka Daudu ya yi da ƙaton hannunsa, haka ni ma na riƙa yi da nake gwaji a tsorace.

Na kuma san ranar da ya tsage. Suyar naman layya, wuta ta zo ba ƙarfi, mai ya ƙi zafi. Ni da Shahida da Fatu, kowace ta wuce sai ta ƙara murɗa shi, alhali ya riga ya kai ƙarshe. Mun saba da iza itace, mun ɗauka shi ma in aka matsa masa zai ƙara ci.

Na ciro makunnin gidan gashi na ƙasa, wanda ban taɓa gasa komai a ciki ba sai ajiyar kwanuka, na sa a gurbin wannan. Yanzu yana ƙas ɗinsa yana mutuwa. Na kuma ƙara doka: kashe a murhu, kashe a bango.

Gwaggonka Dela ta gaya mini abin da ya kai ka Roni. Ban manta ranar Iya ba, na san abin da idonka ya gani, kuma na ji tausayinka har cikin raina. Amma ka ɗauki maganar Fatu, ka ɗauki ta Daudu, tawa ce kaɗai ba ka tambaya ba. Wannan ya fi ƙonewar tukunya yi mini ciwo.

Ba inda za ni. Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka.

*

Babura.

Inna,

Assalamu alaikum. Na ga makunnin, na ga tsagar. Shahida ta ce ita ma ta murɗa, tana neman gafara. Ni ne na fi kowa buƙatar ki yafe mini, don ban tambaye ki ba.

Motar za ta zo Juma'a, amma sababbin makunnai za ta kawo da kafinta wanda zai gyara ƙofar kicin. Gwaggo Dela ta ce tana nan zuwa cin tuwon da kika yi wa direba alkawari.

Tambaya ɗaya ta hana ni sakat, ki yi haƙuri da ita. Inna, in wata rana ba makunnin ba ne fa?

Ɗanki,
Jamaluddeen.

*

Kazaure.

Maikasuwa,

Wa alaikumus salam. Na yafe maka, duniya da lahira.

In ranar ta zo, ni zan rubuto maka da hannuna in ce ka turo mota. In kuma ka ga takardata ta zo ba kai ba gindi, kada ka aiko direba, kada ka aiko Dela. Ka zo da kanka ka kama hannuna, zan bi ka.

Amma ba wannan Juma'ar ba. Ka ce wa kafinta ya zo da ƙusoshinsa.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka.