Rimin Baba Gado

Litinin, 7 ga Maris 2022
An yanke magana: ranar 19 ga wata za a sare rimin tsakar gida. Gara ta cinye cikinsa, ya karkata kan ɗakin maƙwabcinmu Siddiq. Inna ta yarda, amma da sharaɗi: sai na samo mata irinsa. Mahaifinta, Baba Gado, ya ƙullo ƙwayar a bakin rawani tun daga Katsina a hanyarsa ta Makka, ya shuka ta nan Gadarif ta ƙasar Sudan, bai ƙara gaba ba, bai koma ba. Duk unguwar babu wani rimin.

Na ce mata aikin minti goma ne. Shekara ashirin da biyu ina koyar da kimiyya.

Laraba, 9 ga Maris
Na ɗaure gora biyu na kaɗo 'ya'ya bakwai. Inna ta fasa ɗaya, ta shinshina. "Ustaz, wannan ai ɗanye ne." Ba ta kirana Ustaz sai ta ga na yi wauta. Ƙwayoyin farare, ka matsa su yi ruwa. Saura kamar goma can ƙololuwa inda gora ba ta kai.

Asabar, 12 ga Maris
Sun fara fashewa da kansu. Auduga na tashi, iska na haye katanga da ita. Wadda ta sauka kuwa akuyoyin Siddiq sun riga ni. Na bi ɗaya da rariya har bakin titi. Da na kai hannu, iskar hannun nawa ce ke ture ta. Na san dalili sarai, har zan iya zana shi a allo. Ban kama ko ɗaya ba.

Siddiq daga kan katanga: "Ya zol, mutumina, wa ya ci, kai ko audugar?"

Lahadi, 13 ga Maris
Gwiwa na ciwo, ladan gudun jiya.

Talata, 15 ga Maris
Inna ta sa an ja mata angareb, gadonta na igiya, yamma da bishiyar, inda iska ke bi bayan la'asar. Ta zauna, ta baza mayafi a cinya, ta ce in zauna. Na ce ina da takardun jarrabawa sittin. Ta ce su ma su jira.

Ta sake ba ni labarin yadda jakin Baba Gado ya mutu a Al-Fashir. Na ji shi ya fi sau ɗari, kuma kullum jakin ƙara girma yake. Awa biyu. Auduga huɗu suka sauka a mayafin, duk babu ƙwaya. Da na yi tsaki ta ce, "Kai tun a ciki ka ƙi cika wata tara."

Alhamis, 17 ga Maris
Ɗaya ta sauka a hannun rigata ina shan gahawar jabana. Ban motsa ba sai da ta zauna sosai. Ƙwaya baƙa, tauri kamar masoro. Kafin magariba mun sami uku. Ina ganin dabarar zaɓen wurin zama ce kawai, kuma da na gano ta ni kaɗai in an ba ni lokaci.

A yau jakin bai mutu ba sai da ya kai Al-Ubayyid. Ban gyara mata ba.

Asabar, 19 ga Maris
An sare. Inna ba ta fito ba. Tsakar gida ta yi haske da yawa. Na shuka ukun a tsohuwar garwa, na kife kwando saboda akuyoyi.

Litinin, 28 ga Maris
Ɗaya ta tsiro. Na gani da safe kafin in tafi makaranta, ɗan lanƙwasa kore, bai kai farce ba. Inna na zuwa kullum bayan la'asar ta ɗaga kwandon, ta sunkuya, ta ce ba komai tukuna. Idonta ba zai kama shi ba sai ganyen ya buɗe. Jibi ko gata, a lissafina.

Yau ma ta duba, ta ce, "Ka ƙara haƙuri, Salihu." Na ce to, Inna. Na mayar da kwandon.